Magagarin Baba da Gargaren Rijiya

Mu maƙeran babbaƙu ne tun kaka da kakanni, a wani ɗan gari da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar. Abin da muka gada game da ƙarfe bai wuce ɗaya ba: ka sa shi a wuta, in ya yi ja ka ɗora a kan uwar maƙera ka doke shi da masaba, ya bi inda kake so. Fartanya, gatari, lauje, duk haka ake yinsu. In kuwa rami ake so a faɗaɗa, sai a gasa ƙarfen, a kafa ƙarfen huda mai tsini a bakin ramin a bi shi da duka, ya buɗe kamar an sa yatsa a tuwo. Ba mu taɓa jin akwai ƙarfen da ba ya jin wannan magana ba.

Uwar maƙera ɗaya ce a gidanmu, ta kakanmu, kuma Baba ne ke zaune a bakinta tun rasuwar wansa. Wan nan nasa ya bar ɗa, wanda ya girme ni da shekara kamar goma. Baba ya riƙe shi, ya koya masa ƙira, ya yi masa aure. Yaya nake ce masa, har yau kuma in zan ambace shi haka nake cewa, don ban ga dalilin da zan ba sunansa wuri a takardata ba.

Akwai wata al'ada a gidanmu. In aiki ya gagari mai uwar maƙera a gaban jama'a, shi da kansa zai ajiye masabarsa a ƙasa ya tashi, wanda ya ƙarasa aikin ya gaje wurin. Ba a yin gardama a kai. An yi ta ne don kada tsoho ya danne wuri bayan ƙarfinsa ya ƙare, ko yaro ya ƙwace shi da baki kawai.

Wata damina ciwo ya taɓa wa Baba ɓarin dama. Ya tashi, yana tafiya, yana magana, amma hannun ba ya riƙo kamar da. Muka shirya a tsakaninmu ba tare da an faɗa ba: shi ke riƙe awartaki da hagu yana juya ƙarfe yana nuna wurin duka, ni nake dukan. Idonsa da kunnensa suna nan daram, aiki kuma bai ragu ba. Yaya yana kallo. Ran nan ya aike ni kasuwar Maigatari in sayo tsohon ƙarfe, ya ce an ce ya yi araha. Ina fita gari ya kawo wani mai saran itace da aikin babban gatari, ya tara 'yan zaman rumfa, ya ce Baffa ne zai yi da hannunsa, ai shi ne mai wuri. Baba mutum ne mai zuciya, bai iya cewa a jira ɗansa ba. Ya ɗaga masaba sau uku, a na huɗu ta suɓuce ta faɗi a ƙasa.

Faɗuwa ta yi. Wannan nake so duk mai karatu ya riƙe. Ba ajiye ta ya yi ba, suɓucewa ta yi. Amma Yaya ya yi wuf ya ce kowa shaida ne masaba ta kai ƙasa, ya ɗauki tasa ya ƙarasa gatarin, ya zauna a bakin uwar maƙera tun Baba bai gama miƙewa ba. Bai tsaya nan ba. Ya laluba cikin buhun kayan aiki ya ɗauko wani magagari da aka taɓa sayowa daga Kano, mai shimfiɗaɗɗen ciki da ƙusumbin baya, ya jefa shi gaban Baba.

"Baffa, ga daidai hannunka," in ji shi. "Ka riƙa goge wa mata wuƙar yankan kuɓewa."

Aka yi dariya. Waɗanda suka yi dariyar na san su ɗaya bayan ɗaya, matata ta lissafa mini su da na dawo. Na sauke kaya daga kan jaki na ɗauki ƙota zan fita, Baba ya tare ƙofa da jikinsa. Ya ce in na taɓa ɗan wansa bai yafe ba. Na ajiye ƙotar, amma abin da ke cikin zuciyata ban ajiye ba. Washegari na ga Baba ya shimfiɗa buzu a gefen rumfa, ya danne wuƙar wata tsohuwa da ƙafa yana gogawa da hagu. Ni kuma Yaya ya ce in koma zuga-zugi, da gemuna da 'ya'yana biyu.

Ban iya zama ina kallon wannan ba. A lokacin ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kano, aikin ya iso wajen da yanzu ake kira Gagarawa Tasha. Da aka gama girbi na tafi can. Da suka ji ni maƙeri ne sai aka haɗa ni da wani tsohon Bayarabe mai gyaran kayan aiki a wata rumfar kwano. Hausarsa kaɗan ce, hannunsa kuma ba ya jiran Hausa. Ran da ya ga na ɗaga guduma a kan wani ƙarfe mai kauri zan daidaita shi, sai ya make mini hannu. Ya ɗauko wani fasasshe irinsa ya nuna mini cikinsa, toka-toka, tsaki-tsaki kamar ɓarzajjen gero. Ya ƙwanƙwasa shi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙira, ya sa na saurara. Na ƙira yana amsawa da zaƙi, wancan kuwa muryarsa a dushe. Ya ce wannan zubi ne, narka shi aka yi aka zuba a mazubi, kamar yadda maƙeran farfaru ke yi da tagulla. Ba ya lanƙwasa, ba ya miƙewa, da sanyinsa da zafinsa in ka matsa masa fashewa yake yi. Magagari kawai yake ji, da haƙuri. Rani biyu na yi a wurinsa, rabinsu ina guga.

Na dawo gida da farkon bazara, na koma kan zuga-zugina ban ce wa kowa komai ba. Yaya ya yi ƙiba. Baba ya rame, yana nan a kan buzunsa, ya gogu da aikin wuƙaƙe har mata daga wasu ƙauyuka na kawo masa. Magagarin nan ya riƙe shi kamar ɗa. In haƙoransa sun cushe ya bi su da ƙaya ɗaya bayan ɗaya, in ya dakushe ya jiƙa shi a ruwan tsamiya ya kwana biyu. Duk sanda na ji ƙarar gugar nan sai in ji kamar a ƙirjina ake yi.

Rijiyoyinmu biyu ne, ta gabas kusa da gidan mai gari, da ta yamma a unguwarmu. Duka biyu zurfi ne da su na fitar hankali, irin na ƙasar yashi. Igiya ta ci bakin itacen da aka gitta har ya yi kwari-kwari, ta ci tafin hannun mata har ya yi kanta. To da masu aikin hanya za su matsa gaba, shugabansu ya ba mai garinmu kyautar gargare biyu na ƙarfe, saboda gero da nono da aka riƙa kai musu. Kowanne faɗinsa ya kai faifai, da kwari a gefensa inda igiya za ta bi, da rami a tsakiya inda za a zura sandar da zai juya a kai. Gari ya ɗauka, kowace rijiya za ta samu ɗaya.

Matsalar ita ce ramin. Kaurin ɗan yatsa ne kawai. Yaya ya ƙera sanda siririya daidai shi, aka ɗora a rijiyar gabas, babban guga ya lanƙwasa ta tun kafin azahar. Ya ƙera mai kaurin babban yatsan ƙafa, wadda za ta ɗauki nauyi, ita kuma ta ƙi shiga. Sai ya ce ai abu mai sauƙi ne, a kawo gargaren duka biyu gobe da hantsi ya buɗa ramin.

Da hantsi rumfa ta cika. Mai gari da kansa ya zo aka shimfiɗa masa tabarma, mata suna leƙe ta bayan danga. Yaya ya ɗauki gargare ɗaya ya juya shi, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da awartaki don burga. Na ji muryar a dushe. Gabana ya faɗi, ba don tsoro ba. Irin faɗuwar gaban mafarauci ne in nama ya doso inda ya laɓe. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Ya tura shi cikin gawayi ya ce in zuga. Sai kuma ya waiwayo, don ba ya iya barin taro ya wuce bai ci mutuncin wani ba.

"Kai da ka yi aikin Turawa, kana da abin cewa?"

Duk rumfa ta juyo gare ni. Baba ma ya dakata da gugarsa. Kalma uku sun isa su ceci gargaren nan, kuma suna bakina.

"Yaya, ni mai zuga ne," na ce.

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Na kama zuga-zugi na zuga masa wuta irin wadda ban taɓa zuga wa kowa ba. Gumi na zuba a idona ban share ba. Tsakiyar gargaren ta yi ja, ta yi jawur. Ya jawo shi da awartaki biyu ya ɗora, ya kafa ƙarfen huda a ramin, ya ɗaga masabar nan sama yadda kowa zai gani. Dukan farko ƙarfen huda ya ɗan nutse, ya dubi mai gari yana murmushi. A na biyu aka ji ƙas, ba ma da ƙarfi ba. Gargaren ya rabe biyu, ɓari ɗaya ya zauna, ɗaya ya gangara ya faɗi a gaban tabarmar mai gari yana hayaƙi.

Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka haifa mini ɗan fari. Wata mata a bayan danga ta yi salati. Yaya ya tsaya da masaba a hannu ya yi wuƙi-wuƙi, yana duban ɓarin nan kamar zai ce masa ya koma. Da bakinsa ya buɗe sai ya ce ƙarfen banza ne, ruɓaɓɓe, shi ya sa aka bayar da shi kyauta, ba maƙerin da zai iya da shi a duk ƙasar Gumel. Mai gari ya sa aka ɗauke ɗayan gargaren aka ajiye a bayansa.

Na saki zuga-zugi na je na durƙusa. Na ce, ranka ya daɗe, a ba ni na biyun. Na ce in ya fashe a hannuna zan kwashe iyalina in bar garin, in kuwa sanda ta shiga ya juya, to a yi abin da al'adar gidanmu ta ce, tunda aiki ya gagari mai wuri a gaban jama'a. Mai gari ya dubi dattawa, dattawa suka ce haka ne, ai da wannan al'adar Yaya ma ya hau. Mai gari ya tambaye ni wace irin wuta nake bukata. Na ce ba na bukatar wuta. Na taka zuwa buzun Baba na durƙusa na roƙi aron magagarinsa. Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo.

Da gangan na kafa wurin aikina a ƙofar rumfa, inda Yaya ba zai ɗaga kai ba sai ya gan ni. Na binne gungume biyu a ƙasa na matse gargaren a tsakaninsu da 'yan itatuwa, a tsaye. Na ɗora bakin sandar a kan ramin na zagaye ta da tsinin allura, ciki da baya, don in san iyakata. Zubi yana da wata fata mai tauri a waje wadda ke kashe haƙoran magagari, don haka na fara cinye bakin ramin da ɗan dutsen wasa. Sannan na zura magagari. Tsininsa kawai ke shiga. Na riƙa turawa da ƙusumbin bayan, ina ɗan murzawa, in na yi goma sai in sassauta gargaren in juya shi kaɗan, don kada ramin ya tafi gefe guda. Ba ya fitar da ɓawo kamar ƙarfenmu. Wani baƙin gari yake zubarwa mai laushi kamar kwalli, ya ɓata hannu ya ɓata riga.

Ranar farko da yamma ko ni ban ga abin da ya ƙaru ba. 'Yan rumfa suka samu abin yi. Wani ya ce kafin in gama jikokinsa sun yi furfura, Yaya ya ce a bar ni, gadon goge wuƙa ne ya motsa. Na yi kunnen uwar shegu da su. A rana ta biyu Baba ya jawo buzunsa ya dawo kusa da ni, ba wanda ya kira shi. In magagari ya cushe sai in miƙa masa ya bi shi da ƙaya. Can ya ce in dakata, ya zura ɗan yatsansa na hagu a ramin, ya rufe ido ya zagaya, ya ce nan akwai tudu, nan kuma na ci da yawa. Na duba, haka ne. Abin da tsohon Bayaraben nan ke ganewa da ƙarfen awo, Baba da yatsa yake ganewa. Daga ranar shi ke faɗa ni nake guga, kamar yadda muke yi a da.

Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na naɗe da tsumma. Muka riƙa shafa wa bakin sandar baƙin tukunya da man gyaɗa, mu gwada ta a hankali, mu zare, duk inda baƙin ya taɓa a cikin ramin nan ne za a ci. Masu dariya suka ragu. Masu kawo gyaran fartanya suka fara tsayawa a wurinmu kafin su shiga rumfa, wasu ma su manta da abin da ya kawo su.

A rana ta tara sandar ta shiga har rabi ta cije. Saura ƙiris. Hannuna na zogi, bayana ya ƙage, kuma duk jinin maƙerin da ke jikina yana ce mini duka ɗaya ya isa. Sai ga Yaya ya fito daga rumfa, ya tsaya a kaina da murya mai taushi wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya miƙo mini masabarsa ta wajen ƙota.

"Ƙanena, ka wahala. Ɗan taɓa ta sau ɗaya, za ta shige."

Ashe ya koyi karatun. Ya san abin da duka ɗaya zai yi. Na ɗaga kai na dube shi sosai.

"Riƙe ta, Yaya. Kwananta a hannunka kaɗan ya rage."

Na murɗa sandar na zare ta da hannu, na ci gaba da guga. Kwana biyu na ƙara, don ban yarda in yi gaggawa ba ko da na gashi ɗaya. A rana ta goma sha ɗaya bayan la'asar na shafa mai na tura, sandar ta wuce sumul ta fito ta baya. Baba ya sa hagunsa ya kaɗa gargaren, ya yi ta juyawa ba girgiɗi.

Washegari aka kafa shi a rijiyar gabas a kan gwafa biyu. Wata tsohuwa ce ta fara ja, ta fito da babban guga ita kaɗai tana dariya tana cewa a duba mata ko da ruwa a ciki. Daga nan jama'a suka wuce rumfarmu, ba wanda ya ce su zo. Yaya ya ga ba makawa. Ya tashi, ya saki masabar daga tsaye ta faɗi a gabana, ya juya zai fita. Na ce ya dawo. Na ce faɗuwa ba ajiyewa ba ce, kowa a nan ya san bambancin yanzu ko da bai sani ba shekara biyu da suka wuce. Na ce kuma ba ni na gama aikin ba, magagarin da mai shi suka gama, ga shi can a kan buzu. Dattawa suka gyaɗa kai. Yaya ya sunkuya ya ɗauka, ya taka har gaban Baba, ya durƙusa a kan gwiwa biyu ya ajiye ta a hankali. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ban ƙifta ido ba don kada wani abu ya wuce ni.

Na kama Baba na kai shi bakin uwar maƙera ya zauna. Ya ɗora hannun nan mara ƙarfi a kanta ya bar shi a wurin. Da mutane suka watse muka rage mu biyu, sai ya tambaye ni ba tare da ya dube ni ba.

"Ka san zai fashe tun kafin ya sa shi a wuta?"

"Na sani, Baba."

"Na rijiyar unguwarmu ne fa."

Na ce na sani. Can ya ce in ɗauko ɓarin gargaren in kafa shi a ƙofar rumfa, inda kowa zai gani. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata ashe tsohon ma yana da nasa. Na haƙa rami na kafa shi da kyau, na juya fasasshen gefen yana kallon hanyar da Yaya ke bi zuwa masallaci. Da na gama ina karkaɗe hannu, Baba ya ce, "Ba don shi na ce ba. Don kai ne."

Shekara biyu ya ƙara a bakin uwar maƙera, yana nuni ina duka, kuma a matsayin mai wuri ya rasu, ba mai goge wuƙa ba. Rijiyar yamma ba ta samu gargare ba sai bayan na yi jikoki. Duk tsawon shekarun nan matata da hannu ta ja ruwa, ita da sauran matan unguwa, kuma ta san dalili, don ban ɓoye mata ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba. In ta miƙo mini ƙwaryar ruwa dai ina ganin tafin hannunta.

Yaya ya bi ta gaban ɓarin nan sau biyar kullum har ƙarshen ransa, kansa a sunkuye. Ni ma ta gabansa nake shiga rumfa kowace safiya, kamar yadda Baba ya so. Nakan tsaya in dube shi, in laluba zuciyata ko zan samu nadamar da aka kafa shi dominta. Ina samun kunyar matata, ina samun kewar Baba. Nadama kuwa har yau ban same ta ba. Da za a mayar da ni hantsin nan a sake danƙa mini zuga-zugi, abin da na yi shi zan yi, sai dai in ƙara gawayi.